Kafin jarrabawar jinya: nasiha a kan darasin zuciya

Ƴaƴana na Damana da Filinge da sauran garuruwan da ke bin Dallol Boso, ku da iyaye suka sayar da gero da bisashe suka tura ku koyon aikin jinya, jarrabawa ta matso, kuma na san a cikin darussanku babu mai hana ku barci kamar na zuciya da jijiyoyin jini. Sunayen cututtukan dogaye ne, da Faransanci suke, magungunan kuma sunansu ya yi kama da juna. Sai yaro ya rungumi littafi yana hadda har asuba, gari ya waye ya tarar rabi ya zube. Ni uwarku ce a wannan aiki, na tsufa a cikin farar riga, shi ya sa nake so in nuna muku inda ya kamata ku sa ƙarfinku.

Ko a makarantar kiwon lafiya ta gwamnati da ke Yamai kuke, wadda aka sa wa sunan Damure Zika, ko a ta Damagaram, ko a wata mai zaman kanta, abin da mai tambaya ke son ya sani ɗaya ne: in aka bar ku da majinyaci ku kaɗai, zai tsira a hannunku? Ku tuna inda za a tura yawancinku. Ba babban asibitin Lamorde ba ne, inda likitan zuciya ke kusa da na'urorinsa. Ƙaramin asibitin karkara ne, mai majo ɗaya, wato shugaban ma'aikatan jinya, da ungozoma ɗaya, wani lokaci ma majon kai ne. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne, kuma kun fi ni sanin cewa a shekarun nan halin tsaro ya sa ba kowane dare ake kama hanya ba. Saboda haka duk shafin da kuka buɗe, ku sa mutum a gabanku, wanda aka sauke daga amalanke yana haki, ku tambayi kanku me za ku gani, me za ku taɓa, me za ku fara yi. Wanda ya yi karatu a haka ya shirya wa takarda, ya kuma shirya wa aikin.

Ku fara da hanyar jini, kada ku wuce ta sai kun iya zana ta ba tare da duba littafi ba. Jini ya dawo daga jiki ya shiga ɓangaren dama, dama ta tura shi huhu ya ɗebo iska, ya dawo ɓangaren hagu, hagu ta watsa shi ga jiki duka. Ɗakuna 4, ƙofofi 4, kusan lita 5 a kowane minti ga babban mutum da ke hutawa. Ba ilimin jiya ba ne. Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya riga ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu, kafin William Harvey na Ingila ya fito da bayanin zagayen gaba ɗaya a 1628. Su ba su da ko abin sauraren ƙirji, hankali da lura suka yi aiki da su.

Me ya sa na nace a kan wannan zane? Domin rabin abin da kuke wahalar haddacewa yana cikinsa. Duk wanda ya taɓa ba da ruwa a lambun dankali na Bonkuku ya san in gaban hanya ya toshe, a baya ruwa ke taruwa. In ɓangaren hagu ya gaza, me ke bayansa? Huhu. To ga haki, ga tarin dare, ga mutumin da ba ya iya kwanciya sai ya jingina da bango, ga ƙarar ruwa a gindin huhu in kun saurara. In dama ta gaza, me ke bayanta? Jiki. To ga kumburin ƙafa da in kun danna yatsa rami ya zauna, ga jijiyar wuya ta cika ta miƙe, ga hanta ta kumbura tana ciwo, ga ciki ya tara ruwa. Wanda ya gane haka ba ya bukatar haddace jerin alamomi, ko tsoro ya kama shi a ɗakin jarrabawa zai iya fito da su daga tushe.

Sai awon jini. Na san kuna ganin abu ne mai sauƙi, kun yi shi sau da yawa a wurin sitaj, inda kuke koyon aiki a asibiti. To a nan ne ake zubar da maki a jarrabawar hannu, kuma a nan ne ake cutar mutane a wurin aiki. Tsoho ya taso da ƙafa daga ƙauye cikin rana, yana tauna goro, ya zauna kenan sai a ɗaura masa abin awo a kan hannun riga, ana yi masa tambaya yana amsawa. Wannan lamba ba tasa ba ce. Ku bar shi ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da zuciya, fata a buɗe. Ku tambaya ko ya ci goro ko ya sha taba ko kofi a cikin rabin awa da ya wuce. Ɗaurin ya dace da kaurin hannu, domin ƙarami a kan hannu mai kauri yana ƙara lamba. Ku sa yatsa a jijiyar wuyan hannu, ku hura har bugun ya ɓace, ku ƙara kamar 30 a kai, sannan ku saki iska sannu a hankali. Ƙarar farko ita ce lambar sama, inda ƙara ta ɗauke ita ce ta ƙasa. Wani likitan sojan Rasha mai suna Korotkoff ne ya gano wannan a 1905, kuma har yau kunnen ma'aikaci shi ne ke yanke hukunci. A bakinmu mun saba cewa 14/9, amma a takarda ku kula da ma'auni: 14/9 ita ce 140/90. Kuma awo ɗaya ba ya sa a ce wa mutum yana da hawan jini, sai an maimaita a wata rana daban, sai fa in lambar ta yi tsananin hawa ko ta zo da alamun haɗari.

Bugun jini kuma ku ƙirga shi minti cikakke in majinyacin zuciya ne. Ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau 4 yana ɓoye bugun da ke tsalle. 60 zuwa 100 ga babba, numfashi 12 zuwa 20, wannan kun sani. Abin da nake so ku ƙara shi ne lura da yadda bugun yake a ƙarƙashin yatsa, mai ƙarfi ne ko siriri, a jere yake ko yana rikicewa, hannun da ɗumi ko sanyi da gumi.

Yanzu bari in daɗe a kan wadda ta fi damuna, domin a ƙasarmu za ku yi ta gamuwa da ita, littattafan da aka rubuta a Turai kuwa layi kaɗan suke ba ta. Mai jego ce. Za a kawo muku yarinya da ta haihu wata 1 ko 2 da suka wuce, uwar mijinta na riƙe da jariri. Ƙafafunta sun kumbura, tana tari, in ta yi taku kaɗan sai ta tsaya. Za a ce muku sanyi ne ya kama ta, ko ba ta yi wanka da kyau ba. Ku tambaye ta yadda take kwana. In ta ce a zaune, ku tashi tsaye, zuciyarta ce ta gaza. Wannan ciwo yana zuwa ne daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, ga macen da a da lafiyarta lau, kuma yankinmu na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya.

An daɗe ana bincikensa. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta a kan ɗaruruwan mata masu wannan ciwo, suka danganta shi da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. A Yamai, likita Cénac da abokan aikinsa sun sami ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin matan da ciwon ya kama. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano ya nuna cewa talauci da rama da hawan jinin masu ciki suna da babban hannu a ciki, kuma al'adar jego ita kaɗai ba ta isa ta bayyana shi ba. Na kawo muku wannan ne don kada ku tsaya a gaban tsohuwa kuna zagin al'adarta, domin in kun yi haka ba za ta sake kawo muku kowa ba. Amma abin da ba a gardama a kansa ku faɗa a fili: kanwa gishiri ce a wurin jiki, tana riƙe ruwa, kuma zuciyar da ta riga ta gaji ba za ta iya da ƙarin ruwa ba. Wadda ƙafarta ta kumbura ta bar kunun kanwa, a rage gishiri da dunƙulen magi a miyarta. Kanwar nan a dallol ɗinmu ake haƙo ta, tana cikin kowane gida, don haka dole ku tambaya da sunanta. In kun ce gishiri kawai, za a ce muku an bari, alhali ana dama kunu kullum da safe.

In aka tambaye ku a takarda me za ku fara yi wa irin wannan in numfashinta ya tsananta, tana tarin kumfa, amsa ita ce ku zaunar da ita, ƙafafu a saukake, ku ba ta iskar oksijin in akwai, ku kama jijiya, ku ba da firosemid bisa umarnin likita ko ƙa'idar da aka ba ku, ku ci gaba da awo, ku shirya tura ta gaba. Kada ku kwantar da ita, kuma kada ku saki ƙarin ruwa ya yi ta gudu don ganin ta galabaita. Ku kwatanta ta da wadda jini ya ɓalle mata bayan haihuwa: ita ma bugunta na sauri, ita ma tana haki, amma ita kwantar da ita ake yi a ɗaga ƙafafu a ba ta ruwa da sauri. Masu tambaya suna son haɗa waɗannan biyu don su ga wanda ya gane da wanda ya haddace. Kafin a sallami mai ciwon zuciyar kuma ku zauna da ita da mijinta a kan maganar tazarar haihuwa, domin wani cikin kafin zuciya ta warke yana iya tafiya da ita.

Mai ciki da jininta ya hau bayan mako 20, ku gwada fitsarinta. In ta kai 160/110, ko tana ciwon kai da ganin duhu-duhu da ciwo a saman ciki, jijjiga na kusa, kuma maganin da ke tare ta shi ne magneziyom salfat. Ku san yadda ake lura da wadda aka ba shi: numfashi, fitsari, da motsin gwiwa in an buga.

Magunguna kada ku haddace su ɗaya-ɗaya, ku haɗa su gida-gida, kowane gida ku san aikinsa da haɗarinsa da abin da za ku duba kafin ku miƙa. Firosemid, wanda kuka fi sani da Lasilix, yana fitar da ruwa amma yana tafiya da potasiyom, da safe ake ba da shi don kada mutum ya kwana yana zarya, kuma sikeli ne ke gaya muku ko yana aiki: a auna nauyi kowace safiya, kilo 1 kusan lita 1 ce ta ruwa. Digoksin yana rage saurin bugu, saboda haka kafin ku ba babba ku ƙirga minti cikakke, in bai kai 60 ba ku dakata ku sanar. In mai shansa ya fara tashin zuciya da amai, ko ya ce yana ganin abubuwa rawaya, guba ce ta fara, kuma ƙarancin potasiyom ne ke gaggauta ta, ga shi sau da yawa tare da firosemid ake rubuta shi. Kaptofiril da ƴan gidansu suna sa busasshen tari, kuma ba a ba mai ciki, ita metildopa ko nifedifin ake nema mata. Potasiyom na allura ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya, sai an tsarma shi cikin ruwa ya shiga a hankali. Wannan ɗaya ku rubuta shi a bangon ɗakinku, domin kuskurensa ba ya ba da lokacin gyara.

Akwai kuma maganin da ba ku ne kuka rubuta ba. Ranar Lahadi a kasuwar Baleyara, da kowace kasuwar ƙauye, ana sayar da ƙwayoyin ciwon jiki a faranti. Manomi ya gaji ya sayi diklofenak ko ibuprofen ya yi ta sha, su kuwa suna riƙe ruwa, suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda. Kullum ku ce a nuna muku abin da ke cikin aljihu. Haka kuma mai hawan jini da ya ji sauƙi zai bar magani ya ce ya warke. Ba taurin kai ba ne kawai, kuɗin magani kowane wata nauyi ne a kan talaka, kuma babu wanda ya zauna ya fahimtar da shi cewa wannan ciwo lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai. In watan azumi ya gabato, ku tura shi ya ga likita a daidaita masa lokacin sha, kada ya yanke da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin magi da kanwa.

Sai mai shanyewar ɓarin jiki: wanda ya faɗi baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu sai an tabbatar yana iya haɗiya. Ku kwantar da shi a gefe, ku gwada sukarin jininsa, ku rubuta lokacin da abin ya fara, kuma kada ku yi gaggawar faɗar da jininsa ƙasa lokaci ɗaya.

Yara ma suna cikin darasin nan, ko da yake a littafi wani babi aka ware musu. Yaron da maƙogwaronsa ya yi ciwo da zazzaɓi, bayan ƴan makonni gaɓoɓinsa suka kumbura ciwon na tashi daga wannan zuwa wancan, ƙofofin zuciyarsa na cikin haɗari, kuma allurar benzatin penisilin kowane mako 3 zuwa 4 ita ce ke kare shi shekara da shekaru. Ku ne za ku riƙe littafin ranakun allurar. Da damina kuma za ku ga wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, tafin hannu fari fat, zuciya na gudu. Mai tamowa kuwa zuciyarsa ta yi rauni, ƙarin ruwa da gaggawa na iya kashe shi, shi ya sa aka ware masa ƙa'idarsa dabam.

Game da yadda za ku yi karatun, ku haɗu uku ko huɗu, ɗaya ya zama majinyaci, ɗaya ya zama ma'aikaci, sauran su sa ido. Duk abin da kuka karanta da Faransanci ku gwada bayyana shi da Zabarmanci ko Hausa kamar kuna gaya wa kakarku. Inda kuka tsaya kuna neman kalma, sau da yawa fahimta ce ba ta zauna ba, sai ku koma littafi a daidai wurin. Ku nemi tambayoyin shekarun baya ku amsa su da agogo a gabanku. In tambaya ta ce me za ku fara yi, to amsoshin duka suna iya zama daidai, amma ɗaya ce ta farko: hanyar iska, numfashi, sannan jini. Ku karanta tambaya har ƙarshe, domin kalma ɗaya kamar mai ciki, ko yaro, ko sai dai, tana juya amsa. Farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa da hannu ake koyonsa: danna ƙirji 30, hura iska 2, da saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Ku yi ta yi a kan ɗan tsana na makaranta har kafaɗa ta saba.

A wurin sitaj kada ku tsaya bakin ƙofa kuna jiran a tashi. Ku roƙi majo ya bar ku ku saurari ƙirjin mai lafiya da na maras lafiya, ku karɓi gardin dare in an ba ku, domin da dare ne masu ciwon zuciya ke nuna halinsu. Ku girmama tsofaffin ma'aikata ko da takardarku za ta fi tasu, amma in kun ga abin da ya saɓa wa abin da aka koya muku, ku tambaya cikin ladabi.

Ina roƙonku da girman Allah ku nisanci abu biyu. Na farko ƙwayoyin hana barci da taramol, da wasu ke cewa suna ƙara ƙarfin karatu. Ku da za ku riƙe makullin ɗakin magani, bai kamata ku fara rayuwar aiki da wannan ba, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ba ta riƙe abin da aka zuba mata. Na biyu masu cewa suna da takardar jarrabawa ta sayarwa. Ko da gaskiya suke faɗa, ranar da aka sauke muku mai jegon nan tsakar dare, babu mai sayar muku da amsa. Daren jarrabawa ku rufe littafi da wuri, ku yi sallarku, ku kwanta. Da safe ku ci abinci. A jarrabawar hannu ku wanke hannu kafin komai, ku gaishe da majinyaci, ku gaya masa abin da za ku yi masa, ku rufe masa jiki, kuma duk abin da kuka auna ku rubuta shi da lokacinsa.

In kun samu hutu kafin ranar, ku ari abin awo ku tafi da shi gida. Ku auna baba da inna da kawunnai da gwaggonni, yadda na faɗa muku, a zaune bayan hutu, ku rubuta a ƙaramin littafi, ku sake bayan kwana 2 ko 3. Duk wanda ya wuce 14/9 sau biyu, ku raka shi asibiti da ƙafarku, ku tsaya ku ji abin da majo zai ce, sannan ku dawo ku sake bayyana masa a tsakar gida, mai yin girki na kusa tana ji. Allah ya ba ku sa'a, ya yi muku albarka.